Igiyar da Ta Je Katsina

A garinmu, wanda ke kan hanyar Kurfi zuwa Dutsin-Ma, rijiya ɗaya kowa ke sha. An ɗaure ta da siminti tun kafin a kawo ni daga Birchi. Akwai tafki a bayan gari, amma wannan na shanu ne da wanki. Maigidana manomi ne, da rani kuma yana kai hatsi kasuwa a kan jakuna, ba a kuwa yi mini kulle ba. Kullum da safe ina bakin rijiya da tuluna da gugana.

Kowace mace da igiyarta. Da damina ruwa yana kusa, gajeriyar igiya ta isa. In rani ya kama, ruwan ya fara ja da baya, wata rana sai ki ga guga yana lilo bai taɓa ruwa ba. Ranar nan sai ki koma gida ki murza rama, ki ƙulla ƙari. Bayan wata ɗaya ko fiye ki sake ƙullawa. In ruwan sama ya sauka, rijiya ta ciko, a kwance ƙarin a rataye a bayan rumbu sai baɗi. Ba mu ɗauki wannan a bakin komai ba. Aiki ne kamar tankaɗe.

'Ya'yana biyu na farko, duka maza, bayan yaye na rasa su. Gudawa da amai, kwana uku, kwana huɗu, shi ke nan. A wajenmu in yaro ya isa yaye, kakarsa ake kai wa, ya zauna can har ya manta da nono. Surukata, wadda nake kira Inna, a ƙarshen layinmu take, kuma rijiyarmu ɗaya. Ban taɓa ganin laifinta ba. Na biyun a bayanta ya cika, ta kuwa yi kukan da ya fi nawa, don ni kunya ta hana ni yi a gaban mutane.

Ta uku mace ce. Ina goyonta aka buɗe ajin yaƙi da jahilci na mata a gidan matar malamin makaranta, shekara biyu ko uku kafin a samu 'yancin kai. Da la'asar muke zuwa, mu zauna a tabarma, wasu da goyo, wasu da ƙullin gyaɗa. A nan na koyi haɗa baƙaƙe, a nan kuma aka karanta mana cewa akwai ƙwayoyin cuta a ruwa waɗanda ido ba ya gani, tafasa kuma tana kashe su. Na dawo gida ina tunanin yaran nan biyu. Daga ranar na ware wata 'yar tukunya baƙa, ruwan ɗiyata kaɗai nake dafawa a ciki, in ya huce in zuba a ƙaramin tulu in rufe da faifai.

Inna ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce dafaffen ruwa na wankan jego ne, ita ba ta taɓa jin inda aka dafa ruwa don a sha ba sai in an zuba masa tsamiya da gari. Ta ɗanɗana ta tofar, ta ce ruwan ya mutu. Na ci gaba da dafawa. Amma na san ranar da aka kai mata yarinyar, daga randa za ta riƙa ɗibar mata, kamar yadda ta shayar da uban yarinyar.

A ƙarshen daminar shekarar ciwon ciki ya shiga gari, gida kaza aka yi rashi. Sai ga duba-gari daga Dutsin-Ma a kan keke. Mu mata ba ma son ganin duba-gari, don randa yake leƙawa, in ya ga tsutsa a kira maigida gaban mai gari. Da an hango farar hularsa sai ka ji ana ta zubar da ruwa a bayan ɗakuna. Wannan kuwa saurayi ne dogo, mai sanyin magana, bai shiga gidan kowa ba. Rijiya ya nufa. Ya ɗebi ruwa a kwalba, ya zura wani zare mai ƙarfe a baki har ya taɓa ƙasa, ya jawo, ya auna inda ya jiƙe, ya rubuta. Ina tsaye da tuluna ina jira ya gama. Ranar igiyata ba ƙari ko ɗaya, ruwa na nan cike.

Abin da ya faɗa wa mai gari, maigidana ya kawo mini da rana. Wai akwai wata farar hoda da ake zubawa a rijiya ta kashe cutar da ke ciki. Amma shi ba shi da ikon zubawa da kansa. Sai ya rubuta takarda, ta je ofishinsu a Dutsin-Ma, daga can a aika wa babban likita a Katsina, shi ne zai duba yawan ruwan ya faɗi yawan hodar, ya sa hannu. In ta yi kaɗan aikin banza ne, in ta yi yawa ruwan ba ya shawuwa. Liman kuma ya ce shi bai hana ba, amma da sharaɗi. Ruwan da ƙamshinsa ko ɗanɗanonsa ya sauya ba a alwala da shi. In an zuba, a rufe rijiyar yini da kwana, a buɗe. In ruwan ya koma ruwa, to. In bai koma ba, kada a sake kawo wa garin wannan magana.

Na riƙe wannan a zuciyata. Na ce in Allah ya so, ba za a yaye ɗiyata ba sai an zuba maganin nan.

Lokacin tana da wata goma sha tara. Da aka shigo da gero Inna ta aiko a kawo yarinya. Na je da kaina na durƙusa, na ce a bari a gama aikin dawa, hankali ya kwanta. Ta yarda. Aka shigo da dawa, na ce sanyi ya yi yawa, yarinyar tana tari. Tana ɗan tarin kuwa, ban yi ƙarya ba, sai dai na ƙara masa gishiri. Duk ranar kasuwar Dutsin-Ma nakan roƙi maigidana ya biya ofishin ya tambaya. Ba ya son shiga wurin masu teburi, amma yana zuwa. Amsa ɗaya yake kawowa, takarda tana Katsina. Wata rana ya ce an ce likitan ya tafi rangadi. Wata rana kuma an ce ta dawo, amma an mayar don ba a buga mata hatimi ba.

Ni kuwa ina ta ƙulla ƙari. Na farko bayan shigo da dawa, na biyu a tsakiyar sanyi, na uku da mangwaro ya yi fure. A bakin rijiya mata suka sa ni a gaba. Wata ta ce in bari sai yarinyar ta fara tallan ƙosai, ta riƙa dawowa tana shan nono. Wata ta ce ai an ji ta tana gaishe ni da kwana kafin ta kama. Nakan yi murmushi in ja gugana. Gaskiyarsu ce, haƙora sun cika mata baki, tana gudu har zaure.

Da bazara ta kama, shekararta biyu ta cika har ta gota. Inna ta zo da kanta, ta zauna a kan turmi, ba ta ko karɓi ruwa ba. Ta ce ta san abin da nake tsoro, ita ma ba ta manta ba, amma abin ya wuce al'ada ya shiga addini, kuma an riga an gaya wa malam ya yi rubutun yaye. Juma'a mai zuwa za ta zo ta ɗauki jikarta. Na ce to, Inna.

Ranar Talata da hantsi sai ga keken duba-gari. Ya ɗauro gwangwani babba a baya, takarda kuma a aljihun gaba. Kafin ya jingine keken labari ya zaga gari. Na goya yarinyar na fita da igiyata a hannu. Na ce a raina, kwana uku kafin Juma'a, Allah ya dube ni.

Mai gari ya zo aka shimfiɗa masa buzu a gindin bishiyar bedi, liman na gefensa, maza suka kewaye rijiyar. Mu mata muka tsaya can baya da tulunanmu. Duba-gari ya warware takardar ya karanta da ƙarfi, da Hausa aka rubuta ta. An yarda a zuba maganin kulorin a rijiyar gari kaza, wadda zurfin ruwanta ƙafa goma sha biyu ne, a zuba awo kaza, kada a rage kada a ƙara. Ya nuna wa mai gari sa hannun da hatimin. Aka yi ta alhamdulillahi.

Ni kuwa sai na dubi igiyar da ke hannuna. Ƙulli biyar. Ƙafa goma sha biyun nan na ranar da ya zo da kaka ne, ranar da igiyata ba ƙari. Yanzu in guga ya sauka, wani lokaci har da yashi yake fitowa. Hodar da aka auna wa cikakkiyar rijiya za a juye a ruwan da bai kai ƙugu ba. Ban san lissafin likita ba, amma na san abin da gishirin babbar tukunya ke yi wa ƙaramar miya. Ruwan zai yi wari, liman zai ce a'a, mata za su koma tafki da yaransu, kuma an rufe maganar ke nan har abada.

Sai kuma ɗaya tunanin ya zo. In na yi magana, yau ba za a zuba ba. Takardar da ta yi wata bakwai a hanya, wa ya san yaushe za ta sake dawowa? Juma'a kuwa ba za ta jira ba. Yarinyar tana bayana tana wasa da ɗan kunnena. Na ji kamar in yi shiru, in ce ƙila duba-gari ya fi ni sani. Ya riga ya buɗe gwangwanin, yana dama hodar a bokiti.

Ni ba mai iya magana a gaban maza ba ce, balle ga mai gari a zaune. Inna tana kusa da ni. Na matsa na raɗa mata, na nuna mata ƙullin ɗaya bayan ɗaya. Ta dube ni, ta dubi igiyar.

"Kin san in na faɗa, yau babu zubawa?"

"Na sani, Inna."

"Juma'a kuma tana nan."

"Na sani."

Ta karɓi igiyar daga hannuna, ta ratsa maza kamar tana ratsa dawa. Tsohuwa ba a hana ta hanya. Ta gaida mai gari a tsaye, ta juya wajen duba-gari.

"Ɗan nan, dakata. Ruwan da ka auna da kaka, ai mun shanye shi."

Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Iya, mi kika ce?"

"Na ce takardarka ta tsufa a hanya. Ga igiyar surukata. Ranar da ka zo nan ta tsaya. Wanga duk ƙari ne. Zura zarenka ka gani, in ƙarya ce ka kai ni Dutsin-Ma a bayan kekenka."

Ya zura. Da ya jawo, wurin da ya jiƙe bai kai ƙafa huɗu ba. Ya tsaya yana kallon zaren, gumi na bin wuyansa. Na ji tausayinsa ƙwarai. Shi ma wata bakwai ya yi yana bin takardar nan, ya zo da murnarsa.

Maza suka fara ba da shawara. Wani ya ce a zuba kashi ɗaya cikin uku mana, ai lissafin a fili yake. Duba-gari ya ce takarda ta ce kada a rage, kuma ba shi ya sa hannu ba, in wani abu ya faru da ruwan da gari ke sha, shi kaɗai za a tambaya. Wani ya ce to a sake rubutawa. Mai gari ya yi murmushi ya ce in an sake rubutawa yau, za ta dawo da damina, rijiya ta cika, a sake cewa awon bai yi daidai ba, haka za a yi ta yi har jikoki. Wannan karon dariyar ba ta yi ƙarfi ba.

Duba-gari ya karɓi igiyar yana juya ta a hannu. Ya tambayi Inna ko ana sane da lokacin da aka yi kowane ƙulli. Inna ta ce mai igiya ta sani, kuma ta iya rubutu, a ba ta. Ban san lokacin da na ja mayafi na rufe fuska ba. Ya yago takarda daga littafinsa ya miƙo da fensir ta hannun maigidana. Na koma bayan bedi na tsuguna, na ɗora takardar a kan faifai. Na rubuta layi biyar. Na ɗaya, bayan shigo da dawa. Na biyu, tsakiyar sanyi. Haka har na biyar, da aka fara sharar gona. Baƙaƙen suka hau tudu suka gangara. Shi ne rubutuna na farko da ya fita daga gida.

Ya auna tsakanin ƙulli da ƙulli, ya rubuta a gefen nawa. Ya ce ba zai aika ba, da kansa zai kai wa likitan, ya roƙa a ba shi izinin auna ruwa a ranar zubawa, a faɗa masa awon hodar kowace ƙafa. Sannan ya ce, kansa a ƙasa, "Baiwar Allah, ko za a ara mini igiyar? In na faɗa da baki, za a ce ban auna daidai ba tun farko." Ya naɗe ta ya ɗaure a kan gwangwanin, ya hau kekensa. Na koma gida da tulu babu ruwa, sai da maƙwabciyata ta ara mini tata da yamma, tana cewa igiyata ta riga ni ganin birni.

Ranar Juma'a da safe na yi wa yarinyar wanka, na sa mata kwalli, na ba ta ta sha na ƙarshe. Inna ta shigo da allon rubutun a hannu. Na ɗauko mata zanen goyo da 'yan kayan yarinyar. Ba ta karɓa ba tukuna. Ta tsaya tana dube-dube a madafa.

"Ina 'yar baƙar tukunyar nan taki?"

Na nuna mata.

"Ɗauko. Da tulun. Da faifan ma, kada a ce na bar wani abu."

Na ɗauko, na kasa ɗaga kai.

"Ba don na yarda ba ne," in ji ta. "Don dai kada ki rame ne a ce ni ce."

Da ruwan ƙaramin tulun ta wanke allon a gabana, ta ba yarinyar, ta goya ta suka fita. Ban raka su zaure ba, ba a yi. Na zauna a kan turmin da ta taɓa zama, na daɗe.

Uwa ba ta zuwa gidan yaye, kada yaro ya gan ta ya tuna. Maigidana ne ke kawo mini labari. Ya ce kullum Inna tana mita, wai karan girkinta na ƙarewa a kan ruwan da ba tuwo ba miya, wai ta tsufa ta koma mai jego. Amma hayaƙi na tashi. Ya ce ya ga wata maƙwabciya ta miƙa wa yarinyar moɗa daga randa, Inna ta buge hannun. Kowace safiya tambayata ɗaya ce, yaya cikinta. Ya ce lafiya. Kwana uku suka wuce, huɗu suka wuce. Ranar ta huɗun ban iya cin abinci ba sai da ya dawo.

A kwana na tara da tafiyarsa duba-gari ya dawo. Wannan karon bai karanta wa kowa komai ba sai da ya zura zarensa. Ya auna, ya duba sabuwar takardar, ya ƙirga cokali a bokiti, ya dama, ya bari ya kwanta, ya tsiyaye ruwan saman a rijiya. Aka rufe bakinta da itace da zana. An riga an ce kowa ya cika randunansa. Washegari bayan azahar aka buɗe. Liman ya sa aka jawo guga, ya shaƙa, ya kurɓa, ya juya a baki. Ya ce akwai ɗan abu can nesa, a bari zuwa la'asar. Da la'asar ya sake shaƙa, sai kawai ya nannaɗe hannun riga ya tsuguna ya fara alwala. Mutane suka watse, kowa ya kama gabansa.

Igiyata ta dawo a naɗe, an ɗaura wa kowane ƙulli ɗan ƙyalle da lamba. Duba-gari ya ce likitan ya sa an shimfiɗa ta a barandar ofis, ya bi ta da ƙafa daga farko har ƙarshe, ya tambaya ko duk matan garin haka suke yi. Daga nan duba-gari ya riƙa zuwa lokaci-lokaci, kullum kuma zare kafin hoda. Ban ce ciwon ciki ya bar garinmu ba. Tulu ma yana da nasa datti, hannu ma haka, akwai kuma masu shan tafki in sun je gona. Amma mata suka daina zubar da randa in sun hango hularsa, har ana aika masa da fura.

Inna ta riƙe yarinyar wata ɗaya da kwanaki. Ranar da ta dawo da ita, da ƙafarta ta shigo, riƙe da bakin zanen kakarta, ta yi ƙiba har wuya ya ɓace. Ta tsaya daga nesa tana kallona kamar baƙuwa. Inna ta ajiye baƙar tukunyar a bakin madafa, ta ce ga kayana, ita ta gama aikin gwamnati. Yarinyar ta zagaya tsakar gida, ta taɓa turmi, ta leƙa akurki, sannan ta zo ta tsaya a gaban randa ta ce ruwa.

Na dubi ƙaramin tulun, babu komai a ciki. Na dubi randar, ruwan safiyar ranar ne, da igiyar nan na jawo shi. Inna tana kallona. Na ɗebo rabin moɗa, na yi bisimilla, na tsuguna na riƙe mata. Ta sha har yana zuba a ƙirjinta, ta ture moɗar, ta hau cinyata ta zauna.

Yau ɗiyar tawa tana Dutsin-Ma, 'ya'yanta shida, duk ni na yaye su.